Kira Ya Shiga, Murya Ta Maƙale: Yadda Ake Saita Na'urar Kan Iyaka

Duk wanda ya zauna a ofishin da aka sa wa wayoyin tebur masu aiki da intanet ya san wannan ciwon kai. Waya ta yi ƙara, an ɗauka, agogon kira yana tafiya, amma shiru kake ji. Ko kuwa kai kana jin mai kira raɗau, shi kuma yana ta "Salamu alaikum, kana ji na?" har ya gaji ya kashe. Wani lokacin magana tana tafiya lami lafiya, sai a daƙiƙa ta 32 layi ya yanke. A sake kira, ya sake yankewa a daidai wurin. Mutane sukan ce ai sabis ne, su ɗora wa kamfanin waya laifi. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin wani akwati da ke ɗakin na'urori, wanda aka ciro daga kwali aka jona shi da saitin da ya zo da shi daga ƙasar da aka ƙera shi.

Akwatin nan shi ne na'urar kan iyaka, wadda masu sana'ar ke kira SBC. Wurin zamanta tsakanin wayoyin cikin gida na ma'aikata da kamfanin sadarwar da ke ba su layi. Oracle da Ribbon da AudioCodes da Cisco suna cikin manyan masu ƙera ta, wasu ƙwararru kuma sukan harhaɗa tasu a kan kwamfuta da manhajojin kyauta irin su FreeSWITCH da Kamailio. Sunayen maɓallai sun bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, amma tambayoyin da na'urar ke jiran amsarsu iri ɗaya ne.

Don kada bayani ya tsaya a iska, mu kawo shi tsakiyar Katsina. Dutsin-Ma gari ne na ma'aikatu: ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga asibiti da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mu ƙaddara wata ma'aikata da hedkwatarta ke nan, mai wayoyi 60, tana da ƙaramin ofis a Kurfi, da wani ɗan reshe mai waya 2 a Rawayau wanda intanet ɗinsa ya dogara da rauta mai layin wayar salula. Da wannan misali za mu yi ta aiki.

Kira ɗaya, hanya biyu

Abin da kunne ya ɗauka kira ɗaya, a wurin na'ura abu biyu ne, kowanne da hanyarsa. Akwai saƙonnin da ke ƙulla kiran, akwai kuma muryar kanta.

Saƙonnin ƙulla kira suna bin wata ƙa'ida mai suna SIP, wadda aka fara wallafawa a 1999, aka sake tsara ta a 2002 cikin takardar RFC 3261. Rubutu ne zalla, mutum zai iya karanta shi da idonsa. Idan ma'aikaci a Dutsin-Ma ya danna lambar wani a birnin Katsina, wayarsa takan aika gayyata mai suna INVITE. Ɗaya ɓangaren ya amsa da lamba 100, wato saƙo ya iso ana nema. Sai 180, waya tana ƙara. Idan an ɗauka sai 200, an amince. Dole kuma mai kira ya mayar da wani gajeren saƙo, ACK, don tabbatar da cewa amincewar ta iso masa. In an gama magana, wanda ya riga ajiye waya ya aika BYE. Duk wannan kai-komo ta ƙofa mai lamba 5060 yake bi, ko 5061 idan an kulle saƙonnin.

A cikin gayyatar da amsarta akwai wani ɗan sashe da ake kira SDP, inda kowane ɓangare yake cewa: ga adireshina, ga ƙofar da za a turo mini murya, ga salon muryar da nake ganewa. A riƙe wannan sashe da kyau, domin mafi yawan rigimar daga nan take tasowa.

Ita kuwa murya, wata ƙa'ida ce daban ke ɗauke da ita, RTP. Ana yayyanka magana ƙanana-ƙanana, yawanci kowane ƙunshi yana ɗauke da milisakan 20 na sauti, ke nan ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa, daga nan zuwa can, da wasu 50 daga can zuwa nan. Ba ta ƙofar 5060 suke bi ba, ta ƙofofin da aka ambata a SDP ne, kuma sukan canza da kowane kira. Shi ya sa gayyata za ta iya isa, waya ta yi ƙara, a ɗauka, amma murya ta ɓace a hanya.

Matsayin na'urar kan iyaka a nan daidai yake da na zaure a gidan Bahaushe. Baƙo ba ya wucewa cikin gida. A zaure yake sallama, a nan yake tsayawa, a aika yaro ciki da saƙonsa, a dawo masa da amsa. Bai san ɗaki nawa ne a gidan ba, bai san wanda ke kwana a ina ba. Haka na'urar take karɓar kiran kamfani ta tsayar da shi a wurinta, sannan ta buɗe sabon kira zuwa cikin gida, ta haɗa su biyun. Tunda kira biyu ne a hannunta, tana da ikon gyara abin da ke fita da abin da ke shiga, kowanne daidai da abin da mai karɓa yake so. Saiti ba komai ba ne illa rubuta mata waɗannan gyare-gyare.

Kafin a taɓa maɓalli

A fara neman takarda daga kamfanin da zai ba da layi. A cikinta a tabbatar an ga adireshin da saƙonninsu za su riƙa fitowa, da adireshin da murya za ta riƙa fitowa, domin a manyan kamfanoni waɗannan biyun sukan bambanta. A ga yadda suke son a rubuta lambobi, da salon muryar da suke karɓa, da yadda suke isar da danna maɓalli, da adadin kiran da aka saya a lokaci guda. Wanda ya fara saiti ba tare da wannan takarda ba, lalube yake cikin duhu.

Sai a ba na'urar fuska biyu, ɗaya tana kallon cikin gida da adireshi irin na gida, mai farawa da 192.168 ko 10, ɗaya tana kallon waje. Shafin da ake shiga a yi saiti kada ya taɓa leƙawa ta fuskar waje, kuma a canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita tun ranar farko.

Daga nan a rufe komai. Ƙa'idar farko ita ce duk saƙon da ya zo daga waje a watsar da shi, ba tare da ko amsa ba, sai wanda ya fito daga adireshin da ke cikin takardar kamfani. Wannan ba tsananin zargi ba ne. Duk na'urar da ta buɗe ƙofar 5060 ga duniya, ba ta daɗewa manhajojin 'yan leƙen asiri suke gano ta, su yi ta gwada lambobin ciki irin su 100 da 101 da kalmar sirri irin 1234. Idan suka dace, sai su yi ta buga kira zuwa lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda suke da kaso a kuɗinsu. Sun fi son lokacin da ofis ya watse, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, ko hutun Sallah, a dawo a tarar da bashin da ba a san hawa ba balle sauka.

Reshen Rawayau shi ne ke kawo cikas ga wannan ƙa'ida, domin adireshin rauta mai layin salula ba ya zama wuri ɗaya, kullum canzawa yake. Abin da na fi so shi ne a haƙa masa ramin sirri, wato VPN, zuwa hedkwata, wayoyinsa su zama tamkar na cikin gida. Idan hakan bai yiwu ba, a bar su su yi rijista ta ƙofar 5061 da doguwar kalmar sirri, a kuma sa dokar cewa duk adireshin da ya kasa rijista sau da yawa a jere a toshe shi na wani lokaci.

Lambobi

Nan ne ya kamata a zauna a natsu, don a nan saitin kwali ya fi cin amanar mutum. Lamba ɗaya tak ana rubuta ta ta fuska uku a Najeriya. Ma'aikaci zai danna 0803 da sauran lambobi bakwai, duka 11. Wani kamfani yana son a cire sifirin farko a sa 234, wani kuma sai an sa alamar tarawa, +234, bisa tsarin duniya na E.164 wanda ba ya wuce lamba 15. Idan aka aika wa kamfani fuskar da bai sani ba, amsar da za ta dawo 404 ce, ba a sami lambar ba, ko da mai ita yana zaune da wayarsa a hannu.

Hanyar da ta fi sauƙin kulawa ita ce a mayar da kowace lamba fuska ɗaya da zarar ta shigo na'urar, a yi duk hukunci a kan wannan fuskar, sannan a bakin fita a sake mata kamar da kamfani yake so. Ke nan dokar farko: lambar da ta fara da sifiri ɗaya mai tsawon 11, a cire sifirin a sa +234. Ta biyu: wadda ta fara da 234, a ƙara mata alamar tarawa. Ta uku ta kiran ƙasashen waje ce. A bakin shiga kuma a juya, don wayar tebur ta nuna 0803 yadda mutum ya saba, ya iya mayar da kira da danna maɓalli ɗaya.

Akwai sauye-sauye biyu da suka karya tsofaffin dokoki da yawa. Daga 1 ga Janairun 2024, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ƙara 02 a gaban lambobin wayar girke. Legas da aka sani da 01 ta koma 0201, Abuja ta tashi daga 09 zuwa 0209, Kano daga 064 zuwa 02064. Na'urar da aka saita kafin wannan rana, aka ce mata lambar girke gajera ce, za ta riƙa yanke sababbin ko ta ƙi su gaba ɗaya. Ya kamata ta karɓi sababbin, kuma idan wani ya danna tsohuwar saboda sabo, ta gyara masa a ɓoye. Na biyun ya fi tsufa: tun Afrilun 2013 mutum yana iya ƙaura da lambarsa daga wannan kamfani zuwa wancan. Saboda haka 0803 ba lallai MTN ba ce, 0805 ba lallai Glo ba ce, 0802 ba lallai Airtel ba ce. Wanda yake da layi biyu, ya rubuta doka cewa lambobin kaza su bi ta layin kaza don samun rangwame, lissafinsa a kan hasashe ya ginu.

Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a ba ta doka tata a saman kowace doka. Kada a ƙara mata komai, kada a rage, kada wani takunkumi ya shafe ta, kuma a keɓe mata gurbi ko da layuka sun cika.

Kiran ƙasashen waje a rufe shi duka, sannan a buɗe ƙasashen da ake da hulɗa da su. A Katsina, +227 ta Nijar za ta zo kan gaba, don Maraɗi ba nisa daga Jibiya, kuma zumunci da kasuwanci ba su san shinge ba. Wataƙila a ƙara +966 ta Saudiyya saboda aikin Hajji da Umara. Sauran duk sai an nema a rubuce. Ko waɗanda aka buɗe ɗin, a sa musu iyaka, misali kira 2 a lokaci guda.

Sai lambar mai kira. Wayar tebur tana aika lambarta ta ciki, a ce 214, wadda ba ta da ma'ana a waje. Aikin na'urar ne ta musanya ta da lambar ma'aikatar ta gaskiya, a layin From da kuma wani layi mai suna P-Asserted-Identity wanda kamfanoni da yawa suka fi dubawa. Idan ba su ga lambar da suka ba ka ba, sai su amsa da 403, an hana. Wannan tsanani yana da tarihi. A 2016 NCC ta ɗaga kuɗin saukar da kiran ƙasashen waje zuwa Naira 24.40 a minti, alhali na cikin gida Naira 3.90 ne. Ratar da ke tsakani ta sa wasu suka riƙa shigo da kiran waje ta intanet suna lulluɓe shi da lambar gida, har ɗan'uwanka ya kira ka daga Jidda ka ga lambar Najeriya a fuskar wayarka. Hukumar ta sha fama da wannan a 2017 da 2018. Dabarar da ake gyara lamba da ita, da ita ake ɓoye ta, don haka kada a yarda na'urar ta fitar da wata lamba sai wadda ma'aikata ta mallaka.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangare shi ne share saƙo kafin ya fita. A goge adireshin cikin gida daga layukan Via da Contact, na'urar ta sa nata. A cire layukan da kamfani bai nema ba. Ƙa'idar SIP ta ce saƙon da ya haura bayit 1300 ya kamata ya koma hanyar TCP, domin idan ya yi ƙiba yakan rabe biyu a hanya, kuma rautoci da yawa sukan yar da rabi na biyun.

Murya

Tambayar farko, da wane salo za a naɗe muryar? Mafi tsufa shi ne G.711, wanda ya fito a 1972. Yana auna sauti sau 8000 a daƙiƙa, kowane awo bit 8, jimla kilobit 64. Iri biyu ne: Amurka da Kanada da Japan suna amfani da wanda SDP ke rubutawa PCMU, mai lamba 0; Turai da Afirka kuma PCMA, mai lamba 8. Na'urori da yawa suna zuwa da na Amurka a sahun gaba. A mayar da PCMA sama. Idan ɓangarorin biyu ba su sami salon da suka yi tarayya a kai ba, amsar 488 ce.

Kilobit 64 ɗin nan na muryar ce kawai, ban da ambulan. Kowane ƙunshi yana ɗauke da bayit 160 na sauti, da bayit 40 na adireshi da lissafi, ke nan 200. A ninka sau 50, a mayar bit, an sami kilobit 80, kuma idan aka haɗa da abin da kebul ɗin ofis ke ƙarawa ya kai wajen 87, a kowace fuska. Salon G.729 yana matse muryar zuwa kilobit 8, amma ambulan bai ragu ba, don haka a aikace kusan 31 yake ci.

To kira nawa ake bukata? Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, Agner Erlang, ya warware wannan tun farkon ƙarni na 20. A ce a sa'ar da aka fi hada-hada kowace waya cikin 60 tana yin minti 5 a kiran waje. Minti 300 ke nan cikin sa'a guda, daidai da layi 5 da ba sa hutawa. Amma kira ba ya zuwa a jere cikin ladabi, wani lokacin tare suke faɗowa. Jadawalin Erlang ya nuna cewa don kada fiye da kira 1 cikin 100 ya tarar da layi a cike, sai an tanadi layi 11. Kira 11 da G.711 kusan kilobit 960 ne, da G.729 kuma kusan 340. A rubuta wa na'urar wannan iyaka. Gara a ƙi kira na 12 a fili da a karɓe shi ya ɓata muryar sauran 11.

Ra'ayina shi ne a bar G.711 tsakanin hedkwata da kamfani matuƙar hanya tana da faɗi. Wayar salular da ake kira ta riga ta matse murya da nata salon, AMR, kuma matsi a kan matsi yana mayar da magana kamar daga cikin ruwa take fitowa. Reshen Rawayau ne ke bukatar salo mai sauƙi, kuma a nan na fi son Opus, wanda ya fito a 2012, saboda yana jure ɓacewar ƙunshi fiye da tsofaffin. Sai dai idan ɓangare ɗaya yana Opus ɗaya yana PCMA, na'urar ce za ta riƙa fassara tsakaninsu, kuma wannan aiki yana cin ƙarfinta, a wasu kamfanonin ma sai an sayi lasisi na daban. A duba kafin a yi alƙawari.

Yanzu ga tushen muryar da ke tafiya fuska ɗaya. Wayar Rawayau tana bayan rauta, adireshinta na gida ne, a ce 192.168.1.20. Shi take rubutawa a SDP, cikin gaskiya da amana, ta ce a turo mini murya nan. Amma wannan adireshi ba ya nufin komai a wajen ɗakin. Dubban ofisoshi suna da irinsa. Muryarta tana isa hedkwata, ta hedkwata kuma ana aika ta inda babu kowa. Magani shi ne a umarci na'urar kada ta gaskata abin da aka rubuta, ta jira ƙunshin farko ya iso, ta duba ainihin inda ya fito, ta riƙa mayar da murya can. Wannan sassauci na wayoyin reshe ne kawai. A ɓangaren kamfani a tsaya kan adireshin takarda. A kuma kashe wani saiti da ke cikin ƙananan rautoci mai suna SIP ALG. An yi shi ne don ya taimaka, amma ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa.

Rauta tana kuma da mantuwa. Idan waya ta yi shiru na ɗan lokaci, wani lokacin daƙiƙa 30 kacal, sai ta rufe hanyar dawowa. Alamar ita ce reshe yana iya kira amma ba a iya kiransa. A sa wayar ta riƙa ɗan motsi kowace daƙiƙa 20 zuwa 25.

Ƙofofin murya kuwa, manhajar Asterisk takan zo da 10000 zuwa 20000, Cisco da 16384 zuwa 32767. Ma'aikata mai kira 11 ba ta bukatar dubbai. Kowane kira ƙofa biyu yake ci a kowace fuska, ɗaya ta murya ɗaya ta rahoton ingancinta, don haka 'yan ɗaruruwa sun wadatar. Duk abin da aka zaɓa, shi za a buɗe a katangar tsaro, ba ƙari ba ragi.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa sai jama'a sun fara ƙorafi. Ɗaya danna maɓalli ne: ka kira banki, murya ta ce danna kaza don Hausa, ka danna, ko gezau. Salon matsi yana lalata ƙarar maɓalli, don haka ake aika ta a matsayin saƙo na musamman cikin RTP bisa RFC 4733, wadda ta gaji RFC 2833, yawanci da lamba 101. A tabbatar ɓangarorin biyu sun yarda da hanya ɗaya. Ɗayan kuma muryar da ke zuwa kafin a ɗauki waya, irin sanarwar nan ta cewa lambar da ka kira a kashe take. Tana zuwa ne da amsa mai lamba 183. Idan na'urar ba ta buɗe hanyar murya a wannan mataki ba, mai kira zai ji shiru ko ƙarar ƙarya, ya zaci ana ƙin ɗaukar wayarsa ne.

Game da jinkiri, ƙungiyar ITU ta ba da shawarar kada ya wuce milisakan 150 a fuska ɗaya. Tsohon nau'in tauraron ɗan'adam mai nisa shi kaɗai yana cin wajen 250, shi ya sa masu magana ta kansa suke yawan karo da juna. A cikin gida a yi wa ƙunshin murya alamar fifiko mai lamba 46, don kada saukar da bidiyon wani ya danne maganar wani. Da zarar an fita intanet na kowa da kowa, babu mai mutunta wannan alama.

Agogo da yankewa

Mu koma ga daƙiƙa 32. Wanda aka kira ya aika 200, yana jiran ACK. Mai kira yana aika ACK ɗin zuwa adireshin da ya gani a layin Contact. Idan na gida ne ya zurare ba a goge ba, saƙon ba zai iso ba. Ƙa'ida ta ce a yi ta maimaita 200 har tsawon rabin daƙiƙa sau 64, wato 32, sannan a haƙura a yanke. Duk inda aka ga wannan adadi, Contact za a fara dubawa. Idan kuma a minti 15 ko 30 kira yake mutuwa, agogon sabunta zama ne: an saba sa shi daƙiƙa 1800, ana sabuntawa a rabinsa, kuma wani ɓangare bai amsa sabuntawar ba. A daidaita wanda zai riƙa sabuntawa. A ƙara da dokar cewa idan murya ta ɗauke gaba ɗaya na kusan minti guda, na'urar ta rufe kiran da kanta, don idan an ɗauke wuta a Kurfi ana tsakiyar magana babu BYE da zai zo, kuma mitar kuɗin kira ba za ta tsaya ba. Kiran da aka jingine shi ne kawai za a ware daga wannan doka.

Idan akwai layi na biyu, na'urar ta riƙa taɓa kowanne da saƙon OPTIONS duk minti ɗaya ko ƙasa da haka, ta san mai rai. Ta koma na biyun idan ta ji 503 ko ta ji shiru. Kada ta koma idan ta ji 486, don wannan yana nufin mutumin yana kan wani kira ne, sake bugawa ta wata hanya damunsa kawai zai yi.

Mutanen wannan yanki sun ga abin da ya fi mutuwar layi ɗaya. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. Abin lura ga mai saiti shi ne kiran da ke tsakanin ɗaki da ɗaki a gini ɗaya bai kamata ya dogara da waje ba ko kaɗan. Lambobin ciki su tsaya a ciki, muryarsu ma haka, yadda ko an rasa intanet na makonni ofishin akawu zai iya kiran mai gadi.

Masu kulle saƙonni da TLS, da murya da SRTP, su kula da agogon na'urar. Takardar shaidar kullewa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan wuta ta ɗauke, batirin agogo kuma ya mutu, na'urar takan farka tana zaton wata shekara ce can baya, ta ƙi kowace takarda, kira ya tsaya cak alhali babu abin da aka taɓa. A haɗa ta da sabar lokaci, a sa ta a agogon Najeriya, a ɗora ta a kan inbata tare da rauta da suwic, don babu amfanin ta rayu su mutu.

Gwaji shi ne aikin ƙarshe, kuma da manhajar Wireshark a buɗe ake yinsa, ana kallon saƙonni suna wucewa a fuskokin biyu. A kira kowane kamfanin salula, a sa kowanne ya kira. A bar kira ɗaya ya haura minti 31. A kira waya a kashe, a kira wadda ke kan wani kira. A danna maɓallan banki. A jingine kira a dawo da shi, a miƙa shi daga Dutsin-Ma zuwa Rawayau a ji ko muryar ta bi shi. A gwada ƙasar da aka rufe a tabbatar an ƙi. A zare kebul ɗin layin farko ana kallo, a ƙirga daƙiƙoƙin da na biyu zai ɗauka kafin ya karɓa. Idan duk sun wuce, a sauke kwafin saitin a ajiye shi a wuri biyu, ɗaya a wajen ginin, da kwanan wata a jikin sunansa da kwafin takardar kamfani a haɗe.